Wa Ya Rubuta Allon?

Masu iya magana sun ce gani ya kori ji. Maganar tana da gaskiya a kasuwa, inda mai saye zai ɗauki haja ya juya ta a hannunsa, tana kuma da gaskiya a gaban alƙali idan shaida ya gani da idonsa. Amma akwai wani irin gani da aka riga aka shirya wa mutum, aka zaɓar masa abin da zai kalla da gefen da zai tsaya, aka kuma rubuta masa ma'anar abin da ya gani. Irin wannan gani shi ma ji ne, sai dai ta ido ya shigo, kuma ya fi jita-jita wuyar ƙaryatawa domin wanda ya kalla zai rantse cewa shi ganau ne. Na shekara ashirin ina koyar da tarihi a wata makarantar sakandare a birnin Katsina, kuma babu inda wannan magana ta fito mini fili kamar a tsofaffin finafinan kaboyi na zamanin da fim ba shi da murya.

Finafinan farko bebaye ne. Tun daga ƙarshen ƙarni na 19 har zuwa wajen 1927, mutum zai buɗe baki a jikin farin ƙyalle, a ga leɓɓansa suna motsi, ba a jin ko tari. Sai hoton ya ɗauke, wani baƙin allo ya bayyana da farin rubutu, ya gaya wa 'yan kallo abin da aka ce, da sunan wanda ya ce, wani lokaci har da halinsa. Ɗan wasa yana iya furta duk abin da ya ga dama da harshen uwarsa a gaban kyamara, amma abin da duniya za ta tafi da shi shi ne abin da ke kan allon. Wanda ya rubuta allo shi ne bakin kowa a cikin fim.

A watan Disamba na 1903 kamfanin Edison ya fitar da The Great Train Robbery, fim na kamar minti 12 wanda Edwin S. Porter ya shirya a kan 'yan fashin jirgin ƙasa. Ana lissafa shi cikin kakannin finafinan kaboyi, ko da yake a jihar New Jersey ta gabashin Amurka aka ɗauke shi, nesa da yammacin da yake ba da labari. Ɗalibin tarihin ƙasar Hausa ba ya jin 1903 ya wuce bai tsaya ba. A Fabrairun shekarar Kano ta faɗa hannun Turawa, a Maris Sakkwato ta bi, Lugga ya shigo Katsina ta Ƙofar 'Yandaka, a Yuli kuma Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada a Burmi. A watan Agusta aka fara nuna hoto mai motsi a zauren Glover da ke Legas. Bindiga mai ruwa da kyamara tare suka iso mana, kuma tun daga lokacin ake rubuta mana allo.

Ni ɗan Ƙofar Kaura ne, ƙofar da ta ci sunan Kaura, jagoran mayaƙan Katsina a zamanin da. Garinmu garin doki ne. Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya yi mulki daga 1906 zuwa 1944, shi ya dasa wasan folo a nan, ɗansa Sarki Usman Nagogo kuma ya kai sunan Katsina ƙasashen waje a kan sirdi. Kakana na wajen uba ya ƙare rayuwarsa yana kula da barga a gidan wani basarake. Ya san doki kamar yadda malami ya san allonsa: daga tafiyar ingarma yana gane ƙafar da ke ciwo, daga yadda mutum ya ɗora ƙafa a likkafa yana gane ko an haife shi a gidan dawaki. Tun yana saurayi ya kalli majigi a Katsina, ya kuma shiga silima a Kano a lokutan da aka aike shi da dawaki. Bai ji Turanci ba, saboda haka a wurinsa kowane fim ɗin kaboyi bebe ne, ko da an yi shi da sauti.

A tsakiyar shekarun 1980 wani maƙwabcinmu yakan fito da talabijin mai baƙi da fari ƙofar gida bayan sallar isha'i. Mu yara mukan zauna a gaba muna jiran akta ya gamu da bos, kakana kuma yana daga baya a kan buzunsa. Wata rana muna komawa gida ya dafa kafaɗata ya ce, "Kai abokina, mi ka gani?" Na ce, "Kaka, na ga akta ya harbo mutum uku daga kan doki." Ya ce, "Ni ko na ga wanda ya faɗo na biyu. Ba sirdi, ba likkafa, doki na cikin sukuwa ya saki jikinshi ya faɗi bai karye ba. Wannan shi ne mahayi. Mai hular nan kuwa zaune yake kamar buhun gero." Muka yi 'yan taku, sai ya sake cewa, "Ko ɗan gidan wa ne?"

Wannan tambaya ce ta Bahaushe. Ba ma ganin gwani mu wuce ba mu tambayi sunansa da na ubansa da garinsu ba. Fim ɗin bai amsa ba, domin bai ɗauki wanda ya faɗo a matsayin wanda ke da gida ba. Aikinsa kawai ya fito daga bayan tsauni da ihu, ya mutu. Ko sunan da muke kiran mutanensa da shi, wato Indiyawan daji, allo ne da wasu suka rubuta: rabinsa kuskuren Kolumbus ne, wanda ya sauka a 1492 yana zaton ya isa Indiya, rabinsa kuma fassarar kallon da finafinai suka koya mana. Su kuwa Lakota ne, da Navajo, da Comanche, da Kiowa, da wasu al'ummomi masu yawa, kowace da harshenta da shugabanninta.

Da intanet ta samu, na bi sawun tambayar kakana zuwa cikin finafinan bebaye, domin a can aka zuba tubalin duk abin da muka kalla daga baya. Na tarar da cewa yammacin Amurka na gaskiya ya fi na fim yawan launuka. Sana'ar kiwon shanu a kan doki daga makiyayan Meziko aka gaje ta. Masana tarihi suna ƙiyasta cewa kusan ɗaya cikin kowane makiyaya huɗu da suka kora shanu bayan yaƙin basasar Amurka baƙar fata ne, da yawansu 'yantattun bayi. Dubban 'yan Sin ne suka fasa duwatsu suka shimfiɗa layin dogon da ya haɗa gabas da yamma a 1869. Amma da aka zo raba matsayi a fim, sai Bature ya ɗauki farar hula da farin doki. Ɗan Meziko ya zama maci amana mai wuƙa a ɓoye, har sai da gwamnatin Meziko ta sanar a 1922 cewa za ta hana shigo da finafinan duk kamfanin da ya ci mutuncin mutanenta. Baƙin mutum ya zama mai dafa abinci ko abin dariya, sau da yawa ma Bature ne ya shafa baƙi a fuska. Ko fim ɗin da aka yi da nufin tausaya wa mutanen asali, The Vanishing American na 1925, Bature ne mai suna Richard Dix ya fito a matsayin jarumin Navajo, sunan fim ɗin kansa kuma yana sanar da cewa mutanen ƙarewa suke yi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na Wounded Knee. A ranar 29 ga Disamba 1890 sojojin Amurka suka kashe 'yan Lakota fiye da 200 a wurin, har da mata da yara. A 1913, bayan shekara 23 kacal, Buffalo Bill ya je da kyamara ya sa 'yan Lakota suka sake kwaikwayon abin a ƙasarsu, a daidai lokacin da waɗanda suka tsira suke raye. Na sha tambayar ɗalibaina su kwatanta: a tara jikokin waɗanda suka faɗi a Burmi, a ba su dawaki, a ce su sake faɗuwa domin 'yan kallo a Landan, sannan wani ya rubuta allon da zai kira abin nasarar wayewa. Ajin yakan yi tsit.

Duk da haka, zamanin bebayen finafinai yana da wata ƙofa da aka rufe daga baya. Tun da sana'ar ba ta riga ta zama ta manyan kamfanoni kaɗai ba, wasu daga cikin mutanen gefe sun samu sun riƙe alƙalami. James Young Deer ya shirya White Fawn's Devotion a 1910, wanda ake ɗauka shi ne fim mafi tsufa da ya rage daga hannun ɗan asalin Amurka. Labarin wata mata ce 'yar asali da ta auri Bature, ta zaci zai tafi ya bar ta, ta soka wa kanta wuƙa, amma ta rayu, iyalin kuma suka sake haɗuwa. Bayan shekara huɗu Cecil B. DeMille ya yi The Squaw Man da labari mai kama da wannan, matar Young Deer ɗin ce ma, Lillian St. Cyr 'yar ƙabilar Ho-Chunk wadda aka sani da Red Wing, ta fito a ciki. A wannan karon matar kashe kanta ta yi, aka share wa Bature hanya. Labari kusan ɗaya ne, hannun da ya rubuta ƙarshensa ne ya bambanta, kuma ran matar yana rataye a wannan hannu.

A 1920 aka ɗauki The Daughter of Dawn a duwatsun Wichita na jihar Oklahoma da 'yan Comanche da Kiowa fiye da 300, da tantunansu da tufafinsu na gida, cikinsu har da 'ya'yan shugaba Quanah Parker. Oscar Micheaux, baƙin manomi da ya zama marubuci, ya yi The Homesteader a 1919 da 'yan wasa baƙar fata. Bill Pickett, baƙin makiyayin da ya shahara da diro wa bijimi daga kan doki ya kayar da shi, ya fito da kansa a The Bull-Dogger a 1921. Da kakana ya ga Pickett, na tabbata da ya miƙe daga kan buzu. Sai dai The Homesteader ya ɓace, na Pickett guntaye suka rage, The Daughter of Dawn kuma ya shekara fiye da 80 ana zaton ya salwanta kafin ya sake bayyana a gyara shi. Wani bincike da Ɗakin Karatu na Majalisar Amurka ya fitar a 2013 ya nuna cewa kusan kashi 70 cikin 100 na dogayen finafinan bebaye na Amurka sun ɓace gaba ɗaya. Wanda ba shi da rumbu shi ya fi asara idan gara ta shigo gari. Ta haka aka shafe waɗannan mutane sau biyu, da farko a kan allo, daga baya a ma'ajiya.

Mai karatu zai iya cewa wannan duk gobarar maƙwabta ce. To, mu ma an yi mana namu fim ɗin kaboyi. A 1926 wani Bature mai suna Geoffrey Barkas ya fitar da Palaver, fim bebe da ya ɗauka a tsaunukan da a lokacin ake kira na Bauci, cikin mutanen Sura da Angas, waɗanda suke kiran kansu Mwaghavul da Ngas. Jarumin shi ne Di'o, mugun shi ne wani Bature mai haƙar kuza, rigimarsu kuma a kan wata Baturiya ce mai jinya. Mutanen ƙasar, waɗanda aka san su da hawan ƙuru ba sirdi, an ba su matsayin da aka saba ba 'yan Lakota. Sarkinsu a fim ɗin mashayi ne da mai haƙar kuza ya ruɗa da kwalba, akwai boka mai ban tsoro, akwai taron masu kwari da baka da za a tarwatsa a ƙarshe. An gabatar da su ga 'yan kallon Ingila a matsayin waɗanda ba su daɗe da barin cin naman mutane ba. Babu wanda ya karanta musu abin da aka rubuta a tsakanin hotunansu.

Bayan haka sai majigi. William Sellers, ma'aikacin lafiya a Legas, ya fara yawo da finafinan tsafta, a 1939 kuma aka ba shi jagorancin sashen finafinai na ƙasashen da Ingila ke mulka. Ƙa'idarsa ita ce a yi wa Ba'afirke fim a hankali, ba dabarun kyamara, ba tsalle daga wuri zuwa wuri, wai don kada ya ruɗe. Motar majigi takan tsaya a filin gari, a kafa farin ƙyalle, tafinta ya riƙe lasifika yana bayani da Hausa. Shi ne allon da ya sami murya. Akwai wani labari da ya shahara a bakin Turawan wannan aiki: wai an nuna wa mutane fim a kan zubar da ruwan da sauro ke haihuwa a ciki, da aka tambaye su abin da suka gani sai suka ce kaza. Aka duba, ashe wata kaza ta gilma a gefen hoton na ɗan lokaci. Turawan suka ɗauki wannan hujja ce cewa mutanen ba su iya kallo ba. Ni kuwa duk lokacin da na tuna labarin kakana nake gani. Mutumin da ake nuna wa yadda zai kife gwangwani kamar ba shi da hankali, dole idonsa ya nemi abin da ke da rai a cikin hoton. Kazar ita kaɗai ce ba a gaya mata abin da za ta yi ba.

A gidanmu ana ba da labarin cewa mahaifin kakana yana cikin mahayan Katsina da suka je Kano a 1925 domin hawan dabar da aka yi wa Yarima mai jiran gadon Ingila. An ɗauki hoton hawan mai motsi, kuma na kalli abin da na samu daga ciki sau da yawa, ina tsayar da shi ina duba fuskoki a ƙarƙashin rawuna da kwalkwali. Dawaki suna tahowa a guje, ƙura ta tashi, a ja linzami su yi turjiya, a ɗaga hannu a yi jinjina, ba ƙarar kofato, ba algaita, ba kirari. Sunan baƙon kowa ya san shi. Mahayan kuwa taro ne, ado ne na bayan hoto. Wataƙila na kalli fuskar kakan mahaifina na wuce. A nan na san ɗacin da jikan wancan mahayi da ya faɗo na biyu yake ji in ya kalli fim yana neman nasa.

Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kuma mun fara rera tamu. A Nijar, Moustapha Alassane ya yi Le Retour d'un aventurier a 1966, labarin wani saurayi da ya dawo daga Amurka da akwati cike da kayan kaboyi ya raba wa abokansa. Suka sa huluna, suka ɗauki sunayen Turawa, suka hau dawaki suka addabi ƙauyensu da sata da faɗa har wasa ya zama jini. Zalika Souley ta fito a ciki, wadda daga baya Rahmatou Keïta ta yi fim a kan rayuwarta. Alassane ya hango tun a lokacin abin da ke faruwa idan saurayi ya ari labarin wani ya sa a jikinsa har da bindigar. A 1976 Adamu Halilu ya mayar da littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa fim da Hausa. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya a kaset ɗin bidiyo, daga nan masana'antar da ake kira Kannywood ta tsiro. Kyamara ta zo hannunmu, allo ma ya zo.

Sai dai laifi tudu ne. Mukan ji haushi, kuma da gaskiyarmu, idan finafinan kudu suka nuna Bahaushe maigadi ne kawai, da goro a baki da gurguwar Turanci. Amma a namu finafinan, wa muka ba matsayin wanda zai fito daga bayan tsauni? Bamaguje ba ya fitowa sai da ƙwaryar burkutu. Bagwari da Inyamuri aikinsu su karya Hausa a yi dariya. Baƙauye wawa ne da bai san famfo ba, alhali shi ke noma abin da mai shirya fim zai ci. Bafulatani kuma shekaru da yawa shi ne wanda za a cuta a kasuwa a yi nishaɗi. Ba a cika tambayar ko ɗan gidan wa ne ba.

A yau maganar ta wuce nishaɗi. Jihar Katsina ta shekara goma da wani abu tana zubar da jini. Jibiya, Batsari, Safana, Ɗanmusa, Ƙanƙara, Faskari, duk garuruwan da ke kewaye da dajin Rugu sun san ƙarar babura da tsakar dare. A Disambar 2020 duniya ta ji an kwashe ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara. A gidanmu na Ƙofar Kaura akwai 'yan'uwan mahaifiyata da suka baro gonakinsu a yankin Batsari, suna kwana a ɗakin da kakana yake ajiye sirdi da ragama. Wanda ya ga idon mutumin da aka kashe wa ɗa a gona ba zai yi wa 'yan bindiga kwaskwarima ba, ni ma ba zan yi ba. Da yawa daga cikin masu wannan ta'asa Fulani ne, kuma su da kansu suke faɗa a bidiyon da suke yaɗawa.

Amma kowace safiya wayata takan cika da wani sabon nau'in fim bebe. Hoto ne na daƙiƙa talatin, mai rawa, ba a jin abin da ake cewa, an kama wani saurayi mai sanda da malfa a bakin kasuwa, jama'a sun kewaye shi. A samansa wani ya rubuta layi ɗaya a Facebook ko WhatsApp. Wannan layin shi ne allon, kuma kafin azahar mutum dubu sun rantse sun gani da idonsu. Bakin saurayin yana motsi, babu mai jin sa. Yana iya zama mai kai wa ɓarayi rahoto, yana kuma iya zama wanda ɓarayin suka kore wa shanu jiya ya shigo gari neman abin da zai ci. Hoton ba zai bambanta su ba, allon kuma ya riga ya yanke hukunci. A fim ɗin Amurka wanda ya faɗo daga doki yakan tashi ya karkaɗe ƙura ya karɓi ladan yininsa. A namu ba ya tashi.

Akwai wata Bafulatana da ta shekara fiye da talatin tana kawo nono gidanmu. Adda muke ce mata, mahaifiyata kuma ta ɗauke ta ƙanwa. 'Yan bindiga sun kwashe garkensu kaf, sun kashe ƙanen mijinta da ya bi sawu. Yanzu nonon gari take sarowa ta dama. Bara ta shigo da ƙwarya a ka, idonta jajir, ta ce wa mahaifiyata, "Yaya, yau yaran unguwa sun bi ni suna ce mini matar ɓarayi." Mahaifiyata ta sauke ta, ta ba ta ruwa, ta ce, "Yi haƙuri Adda, ba su san ki ba." Gaskiya ta faɗa, ba su san ta ba. Sun dai san hoton mace mai ƙwarya da kitson Fulani, sun kuma san abin da aka rubuta a samansa. A ɗaki ɗaya a ranar akwai ita, akwai kawuna na Batsari, mutum biyu da hannu ɗaya ya talauta, amma labarin da ke yawo a waya ya ajiye ɗaya a gefen akta, ɗaya a gefen bos.

Finafinan kaboyi ba su ƙirƙiri yaƙin da aka yi da mutanen asalin Amurka ba, ƙasa da zinariya da layin dogo ne suka jawo shi. Abin da finafinan suka yi shi ne sauƙaƙa wa jikoki kallon abin ba tare da zuciya ta tashi ba, ta hanyar cire sunaye daga gefe ɗaya. Haka bidiyon waya bai haifi rikicinmu ba. Akwai burtalin da aka nome, da satar shanun da aka daɗe ba a hukunta ba, da makaman da suka kwararo daga hamada, da talauci, da zaluncin da aka yi wa kowane ɓangare. Amma ranar da za a zauna sulhu na gaskiya ko shari'a ta gaskiya, dole a san wanda ya yi kisa da sunansa a kama shi, a kuma san wanda bai yi ba da sunansa a ƙyale shi. Al'ummar da ta saba ganin taro maimakon mutane ba za ta iya ko ɗaya daga cikin biyun ba.

Ni malamin makaranta ne, abin da ke hannuna kaɗan ne. Kowace shekara nakan nuna wa 'yan ajin ƙarshe wani yanki na fim bebe bayan na rufe allunansa, in ce kowa ya rubuta nasa. Mahayi ɗaya yakan zama ɓarawo a takardar wannan, ango a ta wancan, mai neman ɗansa da ya ɓata a ta wata. Sai in karanta musu duka, in tambaye su wanne ne suka gani da idonsu. Da Sallah kuma nakan ba su aiki: duk wanda zai ɗauki hawa da wayarsa a filin Kangiwa, ya dawo mini da sunan mutum uku daga cikin waɗanda ya ɗauka, da garinsu, kuma kada a sa hakimi a ciki. Ina son mai riƙe da linzami, da mai busa algaita, da yaron da ya kwana yana yanka harawa. Da farko sukan ji nauyin tambaya, amma sun gano cewa babu wanda ake tambayar sunansa ya ɓata rai. Muna rubuta sunayen a wani babban littafi da ke cikin akwatin ajin, kowanne da shekararsa da lambar hotonsa. A shafin bana akwai wani dattijo daga Rimi da ya ce wa ɗalibata shekararsa arba'in yana jan doki a hawan Sallah, an ɗauke shi hoto ba adadi, ita ce ta fara tambayarsa ko shi wane ne. Ya faɗa mata sunansa, ya ƙara da na mahaifinsa, ya ce ta rubuta har da na dokin.